Naɗin Muƙaman Siyasa da Lokacin Ƙulla Yarjejeniyar Ciniki Tsakanin Ƙasashe

Yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe aba ce mai cin shekaru, su kuwa masu ikon ƙulla ta ba su cika daɗewa a kan kujera ba. Zagayen tattaunawar da aka buɗe a Punta del Este ta ƙasar Uruguay a watan Satumba na 1986 bai kai ga sa hannu ba sai a Afrilun 1994, a birnin Marrakesh na Maroko. A tsakanin nan Amurka kaɗai ta yi shugabannin ƙasa uku, babban wakilinta na ciniki kuma ya sauya daga Clayton Yeutter zuwa Carla Hills, daga ita zuwa Mickey Kantor. Kowane sauyi ya zo da jiran naɗi, da jiran tantancewa, da lokacin da sabon shiga ke buƙata kafin ya san inda aka kwana.

Shi ya sa labaran ciniki ke yawan rikita mai sauraro. Yau a ji an dakatar da tattaunawa don ba a naɗa minista ba, gobe a ji an yi gaggawar sa hannu don wa'adin wani shugaba ya kusa cika. Wasu na ɗauka cewa naɗin mutum guda ne ke yanke makomar yarjejeniya. Wasu kuma na ganin maganar naɗi uzuri ce kawai da gwamnatoci ke fakewa da ita idan ba su shirya ba. Ba a gane iyakar gaskiyar kowane ɓangare sai an bi yadda aikin yake gudana.

Ma'anar muhimman kalmomi

Naɗin siyasa shi ne muƙamin da shugaban ƙasa ko firaminista ke bai wa wanda ya zaɓa, mai riƙe da shi kuma yakan tafi idan gwamnatin ta tafi: minista, jakada, babban wakilin ciniki. A Tarayyar Turai takwaran ministan ciniki sunansa kwamishina, wato wanda aka damƙa wa wani fanni a hukumar zartarwar tarayyar na shekara biyar. Kishiyarsu su ne ma'aikatan dindindin, irin su lauyoyi da masana tattalin arziki da jami'an kwastan, hukumar da ke karɓar haraji a bakin iyaka, waɗanda gwamnati kan zo ta tarar da su ta kuma tafi ta bar su. Mai riƙon ƙwarya shi ne jami'in da ke tsare kujera kafin a samu mai ita.

Abubuwan da ake ciniki a kansu sun haɗa da kuɗin fito, wato harajin da ake ɗora wa kayan da suka shigo daga waje, da ƙayyade adadin kayan da za a bari su shigo, da tallafin da gwamnati ke bai wa manomanta da masana'antunta. Akwai kuma ƙa'idar asalin kaya, wadda ke fayyace kashi nawa na mota ko tufa dole a samar a cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya kafin kayan su ci rangwame.

Ita yarjejeniyar tana bin matakai. Gwamnati ta bai wa wakilanta umarni, a yi zama bayan zama, a cimma matsaya, lauyoyi su tace rubutun, a rattaba hannu, majalisar dokoki ta amince, sannan a tsai da ranar fara aiki. Sa hannu kaɗai ba ya mayar da ita doka, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimtar labarai.

Ma'aikatan dindindin na iya kammala mafi yawan babobin yarjejeniya ko da kujerar minista babu kowa. Amma a ƙarshe akan rage wasu 'yan batutuwa masu zafi, kamar madara ko sukari ko motoci, inda duk rangwamen da aka yi zai cuci wasu masu jefa ƙuri'a a gida. Matsayin ma'aikaci a nan irin na dillali ne a kara: yana iya karɓar tayi, ya ce albarka, ya ja ciniki har ya kusa faɗawa, amma sallamawa sai mai saniya. Ɗaya ɓangaren ya san da haka, don haka ba ya fito da tayinsa na ƙarshe a gaban wanda ba zai iya sallamawa ba.

Asalin lamarin a Amurka

An fi ganin wannan ƙarara a Amurka, domin tsarin mulkinta majalisa ya bai wa ikon sanya kuɗin fito da tsara ciniki da ƙasashen waje. Bayan dokar Smoot-Hawley ta 1930, wadda ta ɗaga kuɗin fito har wasu ƙasashe suka rama, majalisa ta fara ara wa shugaban ƙasa wannan iko a 1934, kowane karo na ɗan wa'adi. A 1962 aka ƙirƙiro ofishin wakilin ciniki na musamman, Christian Herter ya fara riƙe shi. Dokar ciniki ta 1974 ta ɗaga ofishin zuwa matsayin minista, kuma duk wanda za a naɗa sai Majalisar Dattawa ta tantance shi.

Dokar 1974 ɗin ce kuma ta zo da tsarin hanyar gaggawa, wanda daga baya aka taƙaita sunansa da TPA. Majalisa ta yi alkawarin kaɗa ƙuri'ar e ko a'a a kan yarjejeniya ba tare da gyara ko da waƙafi ba, shi kuma shugaban ƙasa ya ɗauki nauyin bin manufofin da ta gindaya da kiyaye kwanakin sanarwa. Dalilin tsarin a fili yake: babu ƙasar da za ta yi rangwame a teburin tattaunawa idan ta san 'yan majalisar Amurka za su sake buɗe cinikin daga baya.

Abin da ya biyo baya shi ne kalandar majalisar Amurka ta zama kalandar cinikin duniya. An sa hannu a sakamakon Zagayen Kennedy na tattaunawar cinikin duniya ranar 30 ga Yunin 1967, daidai da ƙarewar ikon da majalisa ta ara. Zagayen Tokyo an buɗe shi a 1973, amma ba a shiga ciniki gadan-gadan ba sai a 1975, bayan sabuwar doka ta fito. An rufe Zagayen Uruguay ranar 15 ga Disambar 1993 saboda ita ce ranar ƙarshe da shugaban Amurka zai iya sanar da majalisa. Yarjejeniyar Amurka da Koriya ta Kudu ma an sa mata hannu ne ranar 30 ga Yunin 2007, ana saura sa'o'i ikon gaggawa ya ƙare.

Sake ɗinke NAFTA, 2017 zuwa 2020

Misalin da ya fi nuna yadda naɗi da kalanda ke cuɗanya shi ne sake tattauna NAFTA, yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko wadda ta fara aiki a 1994. Donald Trump ya yi yaƙin neman zaɓe a kan cewa zai gyara ta ko ya fice. Ranar 3 ga Janairun 2017 ya bayyana sunan Robert Lighthizer, lauyan da ya daɗe yana kare kamfanonin ƙarfe na Amurka, a matsayin wakilin ciniki. Sai aka ci karo da wata doka ta 1995 da ta hana wannan kujera ga duk wanda ya taɓa wakiltar wata gwamnatin waje a rikicin ciniki da Amurka, shi kuwa ya taɓa yi wa ɓangaren Burazil aiki a shekarun 1980. Dole sai majalisa ta ɗage masa haramcin, kamar yadda ta ɗage wa Charlene Barshefsky a 1997. Sanatocin jam'iyyar Democrat suka ɗaura wannan ɗagewa a kan wata buƙata da ba ta da alaƙa da ciniki ko kaɗan, wato kuɗin kula da lafiyar tsofaffin masu haƙar kwal. Sai da aka cusa batutuwan biyu cikin dokar kasafin kuɗi a farkon Mayu, sannan aka tabbatar da shi ranar 11 ga Mayu da ƙuri'a 82 da 14.

Kusan wata huɗu ke nan kujerar tana hannun riƙon ƙwarya. Dokar TPA ta 2015 ta ce sai an sanar da majalisa kwana 90 kafin a buɗe tattaunawa. Daftarin wasiƙar sanarwar ya zagaya tun ƙarshen Maris, amma ba a aika ba sai ranar 18 ga Mayu, kwana uku bayan rantsar da Lighthizer. Kwana 90 daga nan ya kai 16 ga Agusta, kuma a ranar ce aka yi zaman farko a Washington. A cikin wannan giɓi, a ƙarshen Afrilu, saura ƙiris fadar shugaban ƙasa ta ba da sanarwar ficewa daga NAFTA baki ɗaya. Shugabannin Kanada da Meziko suka buga waya, shi kuma Sonny Perdue, ministan noma da aka rantsar ranar 25 ga Afrilu, ya shiga ofishin shugaban da taswira yana nuna masa cewa jihohin manoman da suka zaɓe shi ne za su fi jin jiki. Da naɗinsa ya ƙara jinkiri da mako guda, da babu mai wannan murya a ɗakin.

Maƙwabtan ma sun gyara kujerunsu daidai da sabon yanayi. A watan Janairun 2017 Kanada ta mayar da Chrystia Freeland daga ma'aikatar ciniki zuwa ta harkokin waje, ta kuma bar mata batun ciniki da Amurka a hannunta. A watan ne Meziko ta naɗa Luis Videgaray ministan harkokin waje, mutumin da aka sani da kusanci da surukin Trump, Jared Kushner.

An so a gama kafin ƙarshen 2017 don a kauce wa zaɓen Meziko, aka ɗaga zuwa Maris na 2018, hakan ma bai yiwu ba. Kakakin Majalisar Wakilai Paul Ryan ya ce idan ana son majalisar wancan lokaci ta kaɗa ƙuri'a, to a kawo sanarwa kafin 17 ga Mayu. Ranar ta wuce. Ranar 1 ga Yuli Andrés Manuel López Obrador ya ci zaɓen Meziko, zai kuma karɓi mulki ranar 1 ga Disamba. Daga nan lissafin ya koma na baya-baya. Zaɓaɓɓen shugaban ya fi son wanda zai sauka, Enrique Peña Nieto, ya sa hannu ya ɗauki nauyin abin, don haka ranar ƙarshe ita ce 30 ga Nuwamba. Doka ta ce a sanar da majalisar Amurka kwana 90 kafin sa hannu, a kuma fitar da cikakken rubutu kwana 60 kafin nan. Aka cimma matsaya da Meziko ranar 27 ga Agusta, aka aika sanarwa ranar 31, aka bar wa Kanada zuwa daren 30 ga Satumba ta shigo ko a tafi a bar ta. A daren ta shigo, bayan ta buɗe wa manoman Amurka kimanin kashi 3.6 cikin ɗari na kasuwar madararta, ita kuma ta tsira da kwamitocin sasanta rikicin kuɗin fito da ta nace a kansu. Aka sa hannu a Buenos Aires ranar 30 ga Nuwamba, ranar ƙarshe ta mulkin Peña Nieto.

Wani abin lura shi ne López Obrador bai jira rantsuwa ba. Ya tura Jesús Seade ya zauna a teburin tun yana zaɓaɓɓe, kuma ta wannan hanya aka shigar da babin da ya jaddada cewa man fetur ɗin ƙarƙashin ƙasar Meziko mallakarta ne. Mutumin da ba shi da muƙami a hukumance ya fi wasu ministoci tasiri a makonnin ƙarshe, domin kowa ya san shi ne muryar gwamnati mai zuwa.

Wuce wa'adin Ryan ya yi tsada. Jam'iyyar Democrat ta ƙwace Majalisar Wakilai a zaɓen Nuwambar 2018, ta kuma nemi a ƙarfafa sharuɗɗan kare ma'aikata, a cire wata kariya da aka yi wa kamfanonin magunguna. Sai da aka sake shekara guda ana ciniki, aka sa hannu a gyara ranar 10 ga Disambar 2019, sabuwar yarjejeniyar mai suna USMCA ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2020. Ba za a iya rantsuwa cewa jinkirin naɗin Lighthizer ne ya jawo duk wannan ba, tunda buƙatun Amurka a kan motoci da wa'adin yarjejeniyar sun isa su ja lokaci ko da an fara da wuri. Abin da ke tabbas shi ne watanni huɗun farko sun fita daga hannun gwamnatin a lokacin da jam'iyyarta ke riƙe da majalisun biyu.

Kujerun Ƙungiyar Ciniki ta Duniya

A Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, mai hedikwata a Geneva, ana yanke shawara ne da amincewar kowa, ma'ana idan ƙasa guda ta tashi ta ce ba ta yarda ba, magana ta tsaya. Shugaban ƙungiyar, wanda ake kira darakta janar, ba shi da ikon tilasta wa kowa komai. Aikinsa shiga tsakani ne, da haɗa ministoci a ɗaki, da gabatar da daftarin sulhu idan an cije.

Sau biyu wannan kujera ta zauna babu kowa a lokacin da ake tsananin buƙatar mai shiga tsakani. A 1999 Renato Ruggiero ya sauka a ƙarshen Afrilu, ƙasashe suka rabu tsakanin Mike Moore na New Zealand da Supachai Panitchpakdi na Tailan, har aka ƙare da raba wa'adin, kowa shekara uku. Moore ya kama aiki ranar 1 ga Satumba, taron ministoci na Seattle kuma ya buɗe ranar 30 ga Nuwamba. Taron ya watse ba a buɗe sabon zagaye ba. An fi tunawa da zanga-zangar da ta cika titunan birnin, amma masu bin lamarin sun daɗe suna nuna cewa watannin da ya kamata a yi ana daidaita daftari a Geneva an ƙarar da su ne wajen rigimar kujera.

Karo na biyu ya shafi 'yar Najeriya. Roberto Azevêdo na Burazil ya sauka ranar 31 ga Agustan 2020, shekara guda kafin cikar wa'adinsa, ƙasashe kuma suka kasa daidaitawa ko a kan wanda zai yi riƙon ƙwarya cikin mataimakansa huɗu. Ranar 28 ga Oktoba aka bayyana cewa Ngozi Okonjo-Iweala ce ta fi samun goyon baya, sai Amurka ta ce ita Yoo Myung-hee ta Koriya ta Kudu take so. Saura kwana shida a yi zaɓen Amurka. Kowa ya naɗe hannu yana jira. Bayan Joe Biden ya hau mulki, Yoo ta janye ranar 5 ga Fabrairun 2021, aka naɗa Okonjo-Iweala ranar 15, ta kama aiki ranar 1 ga Maris. A wannan tsakani ne wa'adin 2020 da aka tsayar don kammala yarjejeniyar rage tallafin kamun kifi ya wuce, ko da yake annobar korona ma tana da nata kaso na laifin. An kammala ta a watan Yunin 2022. Ƙasashen Afirka sun ɗauki darasi: a 2024 suka nemi a fara batun wa'adinta na biyu da wuri, aka kuma amince da shi ranar 29 ga Nuwamba, wata tara kafin na farko ya cika, kuma kafin Trump ya koma fadar mulki a Janairu.

Akwai inda hana naɗi ya zama makami da gangan. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar tana da kujerun alƙalai bakwai, uku ke sauraron kowace ƙara. Amurka, wadda ke zargin kotun da wuce gona da iri, ta hana sabunta wa'adin wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu a 2016 zamanin Obama, daga 2017 kuma ta toshe duk wani sabon naɗi. Ranar 11 ga Disambar 2019 alƙalan suka gaza uku, kotun ta daina zama, gwamnatin Biden ma ba ta buɗe ƙofar ba. Tun daga nan ƙasar da aka kayar a matakin farko tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta zama, hukuncin ya tsaya cak. Indonisiya ta yi haka a kan hana fitar da ma'adinin nikel, Amurka ma ta yi a kan harajin ƙarfe.

Masu rige-rige da masu jira

Idan sauyin gwamnati ya gabato, abokan ciniki kan zaɓi ɗayan biyu: su yi sauri su kammala da mai barin gado, ko su ja ƙafa su jira mai zuwa. Tarayyar Turai da Sin sun sanar da yarjejeniyar zuba jari ranar 30 ga Disambar 2020, saura mako uku a rantsar da Biden, duk da cewa mutanensa sun nuna suna son a yi shawara tukuna. Majalisar Turai ta jingine ta a watan Mayun 2021. Yarjejeniyar TPP ta ƙasashe 12 na gaɓar tekun Pasifik an sa mata hannu a Fabrairun 2016, a shekarar zaɓe, majalisar Amurka ba ta taɓa kaɗa mata ƙuri'a ba, Trump kuma ya fice ranar 23 ga Janairun 2017. Kenya ta buɗe tattaunawa da Amurka a Yulin 2020, gwamnati ta sauya, sabuwar wakiliyar ciniki Katherine Tai ta ajiye batun, aka maye gurbinsa a 2022 da wani shiri da bai taɓa kuɗin fito ba.

Najeriya da kasuwar bai ɗaya ta Afirka

Labarin Najeriya da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka ya nuna iyakar abin da naɗi ke iya yi. A 2017 gwamnati ta kafa ofishin tattaunawar ciniki, ta ɗora Chiedu Osakwe, tsohon babban jami'i a WTO, a kansa, kuma shi ne ya shugabanci zauren tattaunawar nahiyar a matakin ƙarshe. Majalisar ministoci ta amince a sa hannu. Duk da haka, da ƙasashe 44 suka rattaba hannu a Kigali ranar 21 ga Maris na 2018, Shugaba Muhammadu Buhari bai je ba, bayan ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun koka cewa ba a yi shawara da su ba. Zaɓe na tafe a Fabrairun 2019. Sai ranar 7 ga Yulin 2019 ya sa hannu a birnin Yamai, a taron da Shugaba Mahamadou Issoufou, jagoran shirin a Tarayyar Afirka, ya karɓi baƙuncinsa. A ranar ma Najeriya ba ta da ministan ciniki, don ba a rantsar da sababbin ministoci ba sai 21 ga Agusta. A watan Agustan ne kuma aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum ba sai a Disambar 2020. Ƙwararren wakili ya samu, rashin minista bai hana sa hannu ba, kalandar zaɓe da ra'ayin shugaban ƙasa ne suka tsai da lokaci.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu ganin mutum ne ginshiƙi suna kafa hujja da Peter Sutherland, wanda ya karɓi shugabancin GATT, magabaciyar WTO, a Yulin 1993, ya matsa wa Amurka da Turai lamba har aka rufe Zagayen Uruguay da ya shekara bakwai yana jan ƙafa cikin ƙasa da wata shida. Masu ganin muradun ƙasa ne ke tafiyar da komai suna amsawa da cewa wa'adin majalisar Amurka ne ya yi aikin, Sutherland ya dace ne da lokaci. Suna ƙarawa da cewa Lighthizer da Tai jam'iyyunsu daban, amma harajin da aka ɗora wa kayan Sin a 2018 ya zarce a hannunta, haka ma toshe kotun Geneva.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan abin da yarjejeniya za ta ƙunsa, ta farko kuma ta fi ƙarfi a kan ranar da za a kammala ta. Matsalar ita ce rana kan sauya abin da ke ciki, kamar yadda USMCA ta nuna: rubutun da majalisar 2018 za ta karɓa daban yake da wanda majalisar 2019 ta yarda da shi.

Akwai kuma saɓani a kan ko jinkirin tantancewa aibu ne. Wasu na kallon sa a matsayin garkuwa da muradun ƙasa don biyan buƙatun jam'iyya, suna misali da batun masu haƙar kwal. Wasu na cewa lokacin tantancewa ne kaɗai 'yan majalisa ke iya karɓar alkawari daga bakin wanda zai yi ciniki da sunan mazaɓunsu, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a gurguje ba tare da su ba ita ce ke mutuwa a zauren majalisa.

Abin da ke iya biyo baya

Gaggawar cika wa'adi takan sa a ɗage batutuwa masu wuya zuwa gaba ko a rufe su da kalmomi masu harshen damo, rikicin ya dawo bayan 'yan shekaru. Jira kuma yana da nasa farashi, don mai kamfanin da bai san kuɗin fiton baɗi ba yakan dakatar da gina masana'anta. Ƙananan ƙasashe ne suka fi shan wahala, saboda ma'aikatansu ƙwararru kaɗan ne, kuma su ne ke bin kalandar manya. Dokar AGOA, wadda tun 2000 ke bai wa kayan ƙasashen Afirka da dama damar shiga Amurka ba haraji, an sabunta ta a 2015 na shekara goma, ranar 30 ga Satumbar 2025 kuma ta zo majalisa ba ta sabunta ta ba, abin da ya jefa masaƙun Lesotho da Kenya cikin rashin tabbas.

Tsarin da kansa ma yana sauyawa. Ikon gaggawa na 2015 ya ƙare ranar 1 ga Yulin 2021. A 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da sababbin haraji ranar 2 ga Afrilu, ta dakatar da mafi yawansu na kwana 90 bayan mako guda, ta shiga ciniki da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ta hannun ministan kuɗi Scott Bessent da ministan kasuwanci Howard Lutnick da wakilin ciniki Jamieson Greer, ba tare da kai sakamakon gaban majalisa ba. Irin wannan fahimtar juna ba ta jiran kwana 90 na sanarwa ko ƙuri'ar 'yan majalisa, don haka tana saurin ƙulluwa, kuma gwamnatin da ta biyo baya tana iya warware ta da umarni guda. A irin wannan yanayi nauyin da ke kan wanda aka naɗa yana ƙaruwa, tunda babu dokar da za ta riƙe alkawarin idan ya bar kujera. Ita USMCA an gina mata nata agogon a ciki: wa'adinta shekara 16 ne, tare da sharaɗin ƙasashen uku su zauna su sake duba ta bayan shekara shida da fara aiki, wato a Yulin 2026, 'yan watanni kafin zaɓen 'yan majalisar Amurka na Nuwambar shekarar.